Wanzamin da Ya Adana Fitilun Motonshi

Mai Nasara wanzami taubashina ne, uwata da ubanshi ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk abin da zan faɗa a kanshi tun haihuwa nake da izininshi. Ya rasu bara waccan, Allah Ya jiƙan shi. Da yana raye ma a gabanshi nake faɗa, ya yi ta hararata yana cewa, "Ma'u, bakin nan naki ne zai kai ki wuta." Ni ce Ma'un, Asma'u mai tuwo ta bakin tashar Tasawa.

An haife shi a Gidan Haladu, wani ƙauye a ƙasar Mayahi can wajen Alasan Mairairai, inda yashi ke shanye ƙafar jaki har gwiwa. Aska ya gada wurin ubanshi, amma halin adana kaya bai gaje shi wurin kowa ba, shi ya ƙago abinshi. Ba rowa ba ce fa, kada ku ɗauki alhakinshi. In ka je gidanshi furar da zai sha yake miƙo maka. Abin da ba ya iyawa shi ne ya ga sabon abu yana tsufa. In ya sayi takalmi, a kafaɗa yake rataye shi ya taka ƙarangiya da ƙafar Allah. Yana da agogon hannu a cikin gwangwani, in ka tambaye shi lokaci sai ya ɗaga kai ya dubi rana. Ranar ɗaurin aurenshi da Zara'u, wallahi a bai-bai ya sa babbar rigarshi don kada rana ta koɗar da aikin wuyan. Ni na gani da idona, na kuma yi mishi guɗa.

Rani shida ya yi yana zuwa Katsina yana aske kawunan mutane a bakin kasuwa, yana kwana a rumfa, yana cin garin rogo. A na bakwai, shekarar tamanin da ɗaya ke nan, ya shigo Gidan Haladu a kan jan moto sabo fil. Garin ya fito kaf, har tsofaffin da suka manta hanyar ƙofar gida. Ana cikin sa albarka sai mutumin naku ya shimfiɗa tabarma, ya durƙusa, ya hau kwance moton. Ya cire madubi biyu. Ya cire jar fitilar baya. Ya cire ƙwan babbar fitilar gaba. Sannan ya cire ƙananan fitilun nan huɗu masu ƙyafta ido, waɗanda ke nuna za ka karya dama ko hagu, kilinyotan in ji 'yan lakwal masu jin Faransanci. Ya naɗe kowace a tsumma, ya jera su a cikin zabirarshi, jakar fatar da wanzamai ke zuba aska da ƙaho. Batir kuwa da aka ce mishi fitilu kaɗai yake yi wa aiki, sai ya sa shi a tukunya ya kai ƙuryar ɗaki ya rufe da faifai.

Liman ya ce, "Wanzam, yanka shi za ka yi ne?"

Ya ce, "Allah gafarta malam, hanyarmu duk sabara ce da ƙaya. Faɗuwa ɗaya cikin yashi, sun fashe. Ni ba na tafiya bayan magariba. Dama da hagu kuwa, wa zan nuna wa, jaki?"

Maganar kuwa ba ƙarya a cikinta. Rabin masu moto na ƙauyukanmu suna cire madubi da kilinyotan su ajiye sai ranar da za su sayar. Shi dai ya fi kowa zaƙewa ne kawai.

Shekara huɗu moton nan yana yawo tsirara, kamar akuyar da aka yanke wa kunne. Ya kai shi suna a Korgom, ya kai shi kaciya a Maijirgi, ya ɗauko mata masu naƙuda, ya ɗauko wanda maciji ya sara. Duk inda suka je, fitilun na rataye a kafaɗarshi. Ranar Juma'a yakan fiddo su ya hura musu iska ya goge ya mayar. In zai shigo Tasawa, ba ya bin kwalta. Ta bayan gari yake sulalowa, ta gefen tabki, ya jingine moton a zauren gidana ya lulluɓe shi da bargo. Lokacin mulkin soja ne, akwai shinge a bakin gari, jandarmomi na zaune da gangunansu da dogon ƙarfe. Shi bai taɓa sanin kalar idonsu ba.

Sai tamanin da huɗu ta zo. Wanda ya gan ta ba ya son a tuna mishi. Gero ya yi tsawon kamu biyu ya ƙone a tsaye. Shanun Fulanin da ke kewaye da su suka zube, jakuna suka bi. Aka rufe iyaka da Najeriya, ci-rani ya mutu. Mutane suka koma cin dilo, 'ya'yan anzar nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Wa zai kira wanzami? Yaran da aka haifa a shekarar, da yawa ba su kai ranar aski ba.

A nan ne halin da muke yi wa dariya ya yi rana. Wata safiya ya zo mini da wani ɗan buhu ɗaure a bayan moto, tiya takwas na gero, zaɓaɓɓen iri daga zangarniyar shekarar da ta gabata.

Ya ce, "Ma'u, riƙe mini wannan. In yana gidana, yara na kuka, ba zai kai damina ba. Ko ni na zo na roƙe ki kafin ruwa ya sauka, kada ki ba ni."

Na ce, "Mai tuwo ka kawo wa ajiyar gero? Lalle yunwa ta taɓa maka kai."

Ya ce, "Bakinki ne ba shi da kyau, hannunki lafiya lau."

Na rataye shi a rufin ɗakina. Wata takwas ina kwana ina tashi a ƙarƙashinshi, tukunyar tuwona a kife, ban taɓa ko ƙwaya ba. Ina faɗa ne don ba wanda zai faɗa mini. Gidanshi mutum bakwai ne, kuma abin da zai ciyar da su shekara mai zuwa shi ne wanga buhu, babu wani.

Ruwan shuka ya sauka a Gidan Haladu wata Laraba da asuba, ruwa na kirki, wanda ya jiƙa ƙasa har tsawon hannu. Duk manomi ya san lissafin: a yashinmu kwana biyu gare ka. In iri bai shiga ƙasa ba kafin ta sha iska, sai ka zauna jiran wani ruwan, shi kuma ba ya aiko da ranar zuwanshi. Mai Nasara ya tono kwalaben isansi, wato fetur, da ya binne tun kaka don wagga rana, ya ɗura wa moto, ya ce wa Zara'u kafin la'asar yana gona. Da hantsi ya iso Tasawa. Mu ma mun sha ruwa, tabkin bayan gari ya cika ya haye hanya. Turo moton ya yi cikin ruwa har cinya, ya shigo mini yana ɗiga, yana ba moton haƙuri.

Na sauko da buhun, muka ɗaure. Ya juya zai koma ta inda ya fito, na ce, "Kai, mahaukacin ina ne kai? In ka faɗi cikin ruwan nan da iri fa? Bi ta kwalta, ka karya arewa daga bakin gari." Ni na faɗi haka. Shekara nawa ke nan, har yau ban manta ba.

Ban gama wanke hannu ba aka zo aka ce mini an kama wanzaminku a shinge. Na ja gyale na tafi.

Shugaban masu tsaron shingen ana ce mishi Shef Alhassan, wani dogo siriri mai gashin baki. Ba azzalumi ba ne, na san shi, yana cin tuwona. Cutarshi ɗaya, ya haddace littafin dokar hanya, kuma a zamanin nan mai kaki ya fi tsoron na samanshi a kan tsoron mutuwa. Na iske shi yana zagaya moton a hankali, hannu a baya, yadda mai sayen rago ke yi. Takardu kam ya duba, cif suke, ko lanƙwasa babu. A wurin Mai Nasara takarda ta isa ta lanƙwashe?

Shef ya ce, "Malam, ina fitilar gaba?"

"Tana nan, ranka ya daɗe."

"Ina jar fitilar baya? Ina kilinyotan?"

"Duk suna nan."

"Ina?"

Sai taubashina ya yi murmushin wanda ya ci jarrabawa. Ya sauke zabira, ya shimfiɗa rawaninshi a kan kwalta, ya shiga warware tsummoki ɗaya bayan ɗaya. Ya jera su reras, suna ƙyalli kamar yau aka fito da su daga kanti. Ya ce, "Ga su, ranka ya daɗe. Shekara huɗu, ko ƙwarzane babu. Duba motocin garin nan kaf, in ka samu mai irin nawa, yanka ni."

Ƙananan jandarmomi biyu suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Shef bai yi dariya ba. Ya miƙe ya karanto mishi karatu: duk moton da ya hau hanyar gwamnati, sai da fitila a gaba mai haska hanya, da ja a baya, da mai kamawa in an taka birki, da kilinyotan biyu gaba biyu baya, kuma kowace a manne a jikinshi tana aiki.

Mai Nasara ya dubi sama ya ce, "Ranka ya daɗe, rana tsaka ce."

"Doka ba ta san rana ba."

"To ai ba ta ce ba ni da su ba. Ina da su."

"Kai ke da su. Moton ba shi da su. C'est la loi, doka ke nan."

Na kutsa na ce, "Shef, dubi bayan moton nan. Iri ne. An yi musu ruwa yau da asuba, 'ya'yanshi biyar." Ya dubi buhun. Ya ce buhu ba ruwanshi da shi. Ya ƙara da cewa shi ba zai rubuta komai ba, a ɗaura fitilun yanzu, in sun kama a gabanshi, a buɗe mishi ƙarfe ya wuce. Wallahi ya yi adalci daidai gwargwadon abin da wuyanshi zai ɗauka.

Aka kira wani makanike da ake ce wa Bature, ya zo da kayan aikinshi. Ya tono wayoyin da aka cusa cikin firam tun tamanin da ɗaya, rabinsu ɓera ya ɗanɗana. Ya ƙulla, ya ɗaura, Mai Nasara na tsaye a kanshi yana cewa a hankali, kada ka matse, za ka tsaga. Aka buga moto, babbar fitila ta kama. Aka murɗa kilinyotan, shiru. Bature ya buɗe gefe ya leƙa, ya ɗago ya ce, "Wanzam, ina batir?"

"Yana gida. A tukunya."

"Tun yaushe?"

"Tun yana sabo. Ban taɓa amfani da shi ba ko sau ɗaya."

Bature ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe kai. Ya ce ko da an ɗauko shi, batirin da ya shekara huɗu a tukunya ya daɗe da zama gawa. Nan ma sai da Mai Nasara ya yi gardama, wai ta yaya abin da ba a taɓa ba zai mutu. Aka bazu neman wani. Iyaka a rufe, Tasawa kaf babu irin nashi, na aro da aka samo a wani moto ya gwada ya ƙi. Bature ya ce sai dai a aika Maraɗi, kwana uku in an yi sa'a. Shef ya sa aka tura moton bayan shinge, ƙarƙashin wata bishiyar bedi.

La'asar ta yi. Na ce, "Kwance buhun ka kama hanya. Mota ba ta zuwa wajenku sai ranar kasuwa, jakin da zai iya tafiyar nan babu shi a ƙasar nan. Ƙafa ce ta rage. In ka tashi yanzu, gobe da la'asar kana gona, ka samu sauran laima."

Ya ce to. Ya je ya kwance buhun. Sai ya tsaya yana kallon moton. Ya cire rawani ya lulluɓe tankin. Ya dawo ya gyara. Ya tambayi wani jandarma ko tsuntsaye na kwana a kan bedin. Daga nan ya ce bari ya ga Shef tukuna, wataƙila zuwa safe zuciyarshi ta yi sanyi, in ya sake mishi moton ai awa uku ce ta kai shi gida, ya riga mai tafiyar ƙasa. Lissafin ya yi daɗi a baki. Amma ni na san shi tun muna wasan ƙasa. Ba lissafi ne ya zaunar da shi ba, ba zai iya juya wa moton nan baya ba ne, ga sababbin fitilu a waje a karon farko, iska na bugunsu.

Ya kwana a Tasawa. Da safe ya koma ya tsuguna a gaban Shef. Shef ya ce babu. Ya samo wani dattijo ya roƙa mishi, Shef ya ce babu. Hantsi ya yi, rana ta fito da ƙarfinta, irin ranar bayan ruwa mai tsotse ƙasa kana kallo. Na bar wuta a murhu na je na same shi zaune a gindin bedi, yana korar ƙuda daga kan madubi.

Ban san sanda na ɗaga murya ba. Na ce, "Mai Nasara, kai wane irin bawan Allah ne? Wata takwas ina jin yunwa a ƙarƙashin geron nan don 'ya'yanka, kai kana nan kana yi wa ƙarfe fifita! Moton ne zai yi maka tuwo? Tashi ka ba ni wuri, ko wallahi in ɗauki dutse in farfasa fitilun nan ɗaya bayan ɗaya a gabanka!" Har na duƙa na ɗauki dutsen. Wannan karon bai ce bakina zai kai ni wuta ba. Ya tashi, ya ɗora buhun a ka, ya rataya zabira, ya miƙi hanyar arewa. Takalmanshi na kafaɗa, na bi shi da ihu na ce ya sa su don Allah. Ya sa.

Bari in gama muku da moton tun yanzu, don na san za ku tambaya. Bayan kaka ya zo ya karɓe shi, da sabon batir, fitilu bakwai na aiki, Shef da kanshi ya ɗaga mishi ƙarfe. Sati bai cika ba ya faɗi cikin yashi wajen Maijirgi, kilinyotan na hagu ya tarwatse. Ya zo har tasha ya nuna mini gutsattsarin ya ce, "Kin gani? Me na ce?" Har ya mutu bai yarda Shef ya fi shi gaskiya ba.

Abin da ya faru a gona, Zara'u ce ta ba ni labari, shi bai taɓa ɗauko zancen ba. Tun ranar Laraba da ya tafi, ta ɗauki sungumi ta shiga gona ita da manyan 'ya'yan, don in ya iso a zuba iri kawai a rufe. Ta sare gonar nan kaf, rami bayan rami, mace da ta wata shida tana cin dilo. Da la'asar suka zauna a bakin gona suna sauraren ƙarar moto. Alhamis ma haka. Maƙwabta masu ɗan iri suka shuka nasu suka koma gida. Ramukan da ta buɗe su suka fara bushewa, don ta buɗe wa rana cikin ƙasar.

Ranar Juma'a bayan azahar ya ɓullo, ƙafafu a kumbure, leɓe a tsage. Bai shiga gari ba, gona ya nufa. Ya sauke buhun, ya durƙusa, ya tura hannu cikin rami. Ya matsa gaba ya tura cikin wani. Sama ta bushe fari fat, ƙasa-ƙasa akwai 'yar laimar da za ta ruɗi ƙwaya ta tsiro ta mutu. Shuka a irin wannan ƙasa zubar da iri ne. Zara'u ba ta yi faɗa ba, ita ba ni ba ce. Ta ce, "Sannu da hanya, Malam." Ta ɗauki buhun ta kai gida.

Ka ga abin da ya guje wa wata takwas ya same shi: iri a cikin ɗaki, yara biyar a tsakar gida. Ya rataye shi a rufi, ya shimfiɗa tabarmarshi a ƙarƙashi. Kullum da safe ya fita ya dubi gabas. Sati ɗaya, babu hadari. Sati biyu. Autarsu Halima, 'yar shekara uku, cikinta ya daina karɓar dilo, abin da aka ba ta sai ya dawo. Ta daina kuka ma, sai kallo. Zara'u ba ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗaki ba ko sau ɗaya, ta ce ta san in ta duba ba za ta iya sauke idonta ba.

Rana ta goma sha shida, yana zaune da yarinyar a cinya, sai ya miƙa wa uwar ita. Ya taka turmi ya sauko da buhun. Ya daɗe yana kwance bakin, don ƙulli uku ya yi mishi. Ya cika ƙwarya ya tura gaban Zara'u ya ce, "Daka mata kunu."

Ta ce, "Malam, iri ne fa."

Ya ce, "Na sani. Daka."

Ba a dama wa yaro ɗaya kunu huɗu na kallo. Ruwa bai dawo ba sai rana ta ashirin da uku, kuma ranar tiya biyu da 'yan kai suka rage a buhun. Suka shuka kusurwar gona ta gabas, sauran ciyawa ta cinye. Daminar kuwa ta zo da albarkar da aka shekara goma ba a ga irinta ba, gero ya fi mutum tsawo, rumbunan Gidan Haladu suka cika har ana ɗinka sababbi. Mai Nasara ya yi kakar nan a gonakin mutane, yana yanka musu zangarniya ana sallamarshi da dami. Halima ta tashi. 'Ya'yanta shida yanzu a Korgom.

Sau ɗaya na taɓa tsokanarshi da zancen, shekaru bayan haka, na ce ai shi ne wanzamin da ya shanye gonarshi a kunu. Na zaci zai harare ni. Sai ya ce, "Ma'u, da na tashi ranar Laraba da kika ce, da ba a kai ga haka ba." Ban sake ba.